Ƙashin Baya da Haƙarƙari: Yadda Kwamfuta Ke Auna Haɗarin Mota

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Yankara da Tsafe, ta gifta gindin dutsen Kwatarkwashi ta shiga Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu ta miƙe Sakkwato, ba ya bukatar a gaya masa abin da ake kira haɗarin mota. Ga ɓarakan motoci nan a gefen titi suna tsatsa, kowace da labarinta. In abin ya faru, za ka ji ana cewa taya ce ta fashe, ko birki ya shanye, ko direba ya yi gyangyaɗi, sai a ƙidaya waɗanda suka rasu da waɗanda aka kai asibiti, a yi musu addu'a, a watse. Amma ba safai akan tambayi abin da ya faru a cikin jikin mutumin ba. Me ya sa mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fito yana kakkaɓe riga, ɗayan kuwa ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba har abada? Akwai masana da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan tambaya, kuma a yau mafi yawan aikinsu a cikin kwamfuta suke yinsa. Sun gina mutum a ciki, da ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, suna kaɗe shi da mota safe da yamma don su ga inda zai karye.

Kafin mu kai ga wannan mutum, bari mu ɗan taɓa lissafin da muka koya a aji. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsai da shi. To, mota tana gudun kilomita 50 a awa, watau wajen mita 14 a kowane sakan, sai ta daki gindin kuka ta tsaya. Motar ce ta tsaya, fasinja bai tsaya ba. Yana nan yana tafiya da gudunsa na dā har sai ya sami abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko ƙeyar na gabansa. Bayan ƙirjinsa ya tsaya kuma, zuciya da huhu da hanta suna nan tafe, sai sun daki bangon haƙarƙari daga ciki. Ashe karo uku ne a cikin haɗari ɗaya.

Gudun kilomita 50 ba a bakin komai yake ba a wurin direbobinmu, alhali kuwa daidai yake da mutum ya faɗo daga bisa mai tsawon mita 10, kamar a ce daga kan bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 90, faɗowar ta zama ta mita 32, domin ƙarfin karo ba bin gudu yake daki-daki ba: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne tazarar da jiki ya samu ya tsaya a cikinta. Mai nauyin kilo 70 da ya tsaya daga gudun kilomita 50 cikin rabin mita, jikinsa zai ji nauyin kansa ya ninku kusan sau 20, watau kilo 1,400, buhun siminti 28 ke nan. In kuwa cikin santimita 5 ya tsaya, kamar wanda ƙirjinsa ya gamu da ƙarfe, sai a ninka wancan sau goma. Duk wannan kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa.

Yanzu mu duba abin da wannan nauyi ke sauka a kansa. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne, gaɓoɓi ne 33 da aka jera kamar ƙwayoyin carbi. Guda 7 suna wuya, 12 suna bayan ƙirji, 5 suna gadon baya na ƙasa, sauran 9 kuwa sun manne da juna a ƙugu da ɗan ƙashin da ke ƙarshensa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifan guringuntsi, mai tauri a gefe, mai laushi a tsakiya, wanda ke aikin gammo. Jerin kuma ba a miƙe yake sak ba, ya ɗan lanƙwasa gaba a wuya, ya koma baya a ƙirji, ya sake yin gaba a ƙasa, shi ya sa mace za ta ɗauko tulu daga rafi ta yi tafiya mai nisa ba tare da kowane taku ya girgiza mata ƙwaƙwalwa ba. Kowace gaɓa tana da rami a bayanta, ramukan suka haɗu suka zama bututu, a cikinsa laka ta bi. Laka ita ce igiyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa. Laka in ta tsinke, har yau likitoci ba su sami hanyar ƙulla ta ba. Inda ta tsinke kuma shi ke nuna girman asarar: a bayan ƙirji, ƙafafu ne za su shanye, a wuya, har da hannuwa, in ya yi sama sosai, kusa da kai, numfashi ma sai da na'ura.

Haƙarƙari kuwa 24 ne, 12 a dama, 12 a hagu, kowanne ya kama gaɓarsa a baya ya zagayo gaba, kai ka ce akurkin kaji. Na sama guda bakwai-bakwai sun haɗe da ƙashin tsakiyar ƙirji ta hanyar guringuntsi, uku-uku na biye sun rataya a guringuntsin na samansu, biyu-biyu na ƙarshe ba su kama komai a gaba ba. Ɗora hannunka a gefen ƙirji ka ja numfashi, za ka ji suna ɗagawa kamar mariƙin bokiti. Wannan keji dole ya yi taurin da zai kare zuciya da huhu, dole kuma ya yi laushin da zai buɗe ya rufe sau dubbai a yini. Saboda haka ɓawon ƙashin haƙarƙari siriri ne ƙwarai, a wurare da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Haƙarƙari ɗaya in ya tsage, ciwo ne mai zafi amma yana warkewa da kansa. Matsalar ita ce in uku ko fiye da ke jere suka karye a wuri biyu-biyu. Sai wannan yanki na ƙirji ya rabu da sauran, mutum ya ja numfashi ya faɗa ciki, ya saki ya turo waje, iska ta kasa isarsa. Tsinin karyayyen ƙashi kuma yana iya huda huhu, ko ya yanki hanta ko saifa, mutum ya yi ta zubar da jini a ciki ba kowa ya gani.

To, yaya za a san iyakar abin da wannan gini zai iya ɗauka? Ba dama a ɗauko mai rai a yi ta buga shi da bango. Duk da haka an sami waɗanda suka ba da kansu. Wani likitan sojan sama na Amurka, John Paul Stapp, ya sa aka ɗaure shi a kan wani keke mai bin dogo wanda roka ke turawa. Ran 10 ga Disamba, 1954, a jihar Niyu Meziko, keken ya kai gudun kilomita 1,017 a awa, aka tsai da shi cikin sakan ɗaya da ɗan kai. Nauyin jikinsa ya ninku sau 46. Idanunsa suka cika da jini, amma ya rayu, har ya kai shekara 89 a duniya. Abin da ya nuna wa duniya shi ne, jikin ɗan Adam yana jure abin da ba a zata ba, muddin an ɗaure shi da kyau, nauyin ya bazu a kan ƙasusuwa masu ƙarfi.

Mai rai dai ba za a kai shi har ga karaya da gangan ba, don haka masana suka koma ga gawarwakin mutanen da aka ba da jikinsu don bincike. Jami'ar Wayne da ke Ditroit, garin masu ƙera motocin Amurka, ita ta yi suna a wannan aiki tun wajen ƙarshen shekarun 1930. A farkon shekarun 1970 kuma Charles Kroell na kamfanin General Motors da abokan aikinsa suka yi gwajin da har yau ake komawa gare shi: suka riƙa dukan tsakiyar ƙirjin gawa da wani dunƙulen abu mai nauyin wajen kilo 23, suna auna ƙarfin dukan da zurfin da ƙirjin ya lotsa. Daga irin wannan aka gane cewa in ƙirji ya lotsa da kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa, haƙarƙari sun fara karyewa, in ya kai kashi biyu cikin biyar, kejin ya rushe. Mu da muke girmama mamaci, muke gaggauta suturta shi, jin wannan labari ba ya yi mana daɗi, su kansu Turawan sun sha gardama a kansa. Amma ilimin da aka samu yana cikin kowace motar da muke shiga, kuma ɗaya daga cikin amfanin kwamfuta shi ne ta rage bukatar sake irin wannan gwaji.

Da waɗannan alkalumma aka ƙera mutum-mutumin gwaji, wanda mafi shahararsa shi ne Hybrid III, na kamfanin General Motors, 1976. Tsawonsa santimita 175, nauyinsa kilo 78, cike yake da na'urorin awo. Ya yi aiki ƙwarai, har yanzu kuma ana amfani da shi. Sai dai ɗan ƙarfe ɗan ƙarfe ne. Haƙarƙarinsa zobba shida ne na ƙarfe, bayan ƙirjinsa akwati ne sandararre wanda ba ya lanƙwasa kamar gaɓoɓi 12 na mutum, ba shi da huhu balle hanta. An yi shi ne don ya sha duka bai lalace ba, alhali abin da ake son sani shi ne yadda ake lalacewa. Ga shi kuma kowane gwaji sai an hallaka sabuwar mota sukutum.

Tunanin a maye gurbinsa da lissafi ya girmi kwamfutocin zamani. Sa'ad da aka fara yi wa jiragen yaƙi kujerar da ke cilla matuƙi sama in jirgi zai faɗi, sai aka ga matuƙa da yawa suna tsira da rai amma gaɓoɓin bayansu sun murƙushe. A 1957 wani masani na sojan saman Ingila mai suna Latham ya kwatanta mutum da kujerarsa da nauyi da sifirin, ya yi lissafi a kan haka. A 1973 Lobdell ya yi wa ƙirji irin wannan kwatance: nauyi a gaba, nauyi a baya, tsakaninsu sifirin da wani abu mai aikin shokazoba. Wannan lissafi yana iya gaya maka zurfin da ƙirji zai lotsa, amma ba zai ce maka haƙarƙari na biyar ne na hagu zai karye ba.

Dabarar da ta kawo wannan daga wajen masu ƙera fukafukan jirgin sama ta fito, a shekarun 1950, kuma Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya ne ya raɗa mata suna a 1960. Mu kira ta lissafin gutsattsari. Ga yadda take. A ce an tambaye ka inda katangar tubali za ta tsage in sa ya tunkuye ta. Katanga dungum ta fi ƙarfin lissafinka. Amma tubali ɗaya ba shi da wuya: ka san nauyinsa, ka san yadda yake matsuwa in an danne shi, ka san kuma cewa duk abin da aka yi masa zai miƙa wa maƙwabtansa na sama da ƙasa da gefe. Sai ka fara da tubalin da ƙahon ya taɓa, ka lissafa motsinsa, ka wuce ga na kusa da shi, haka har ƙarshen katanga. Sa'an nan ka matsa gaba da ɗan lokaci kaɗan ka sake daga farko. In ka jera sakamakon, sai ka ga tsaga tana tafiya kamar a majigi.

Haka ake yi wa jikin mutum. Da farko a sami mai rai lafiyayye wanda girmansa ya dace, a sa shi a na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, kamar yadda ake yanka rake. A tara hotunan a kwamfuta, a fitar da siffar kowace gaɓa, kowane haƙarƙari, kowane faifai, da zuciya da huhu da sauransu. Sai a lulluɓe kowanne da raga, a raba shi ƙananan tubala, wasu ba su wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba. Sa'an nan aikin da ya fi wuya: a gaya wa kowane tubali halinsa. Ƙashi, in ba a matsa masa sosai ba, yana bin ƙa'idar Robert Hooke da muka gwada da sifirin a ɗakin kimiyya, watau gwargwadon ja gwargwadon miƙewa, in an saki ya koma. Amma in miƙewar ta kai wajen kashi 2 cikin 100 na tsawonsa, sai ya tsage. Guringuntsi da faifan baya halinsu dabam ne: in ka danna su a hankali sai su bi, in ka buga da sauri sai su ƙi, kamar ruwan kogi da za ka tsoma hannu salin-alin amma in ka faɗa da ciki ya mare ka. Huhu soso ne cike da iska. Jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa da gaɓa kuwa igiya ce, tana ƙin ja amma ba ta ƙin turi. Duk waɗannan halaye daga gwajin ainihin ƙashi da nama aka auno su.

Cikakken mutum irin wannan yana da tubala wajen miliyan 2. Lokaci kuma ana yanka shi ƙanana, kusan kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, domin girgizar duka tana gudu a cikin ƙashi da sauri ƙwarai, kada ta tsallake tubali ba a lissafa ba. Haɗarin da ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan ya zama taku 100,000, kowane taku tubali miliyan 2. Jimla biliyan 200. Da za a ba ɗalibi mafi hazaƙa a ajinmu wannan aiki, yana gama tubali ɗaya a kowane sakan, ba barci ba cin tuwo, zai shekara fiye da 6,000. Manyan kwamfutoci da aka haɗa da yawa suna gama shi cikin awoyi. Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita, LS-DYNA, ta samo asali ne daga wadda John Hallquist ya rubuta a 1976.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da kwamfuta ta faɗa gaskiya ne. Hoto mai launi yana da saurin ruɗin ido, alhali in ka ba ta ƙarya, ƙarya za ta mayar maka, a tsare kuma. Don haka kafin a yarda da mutumin kwamfuta sai ya ci jarrabawa. Za a maimaita masa dukan nan na Kroell, nauyi ɗaya, gudu ɗaya, a ga ko ƙirjinsa zai lotsa kamar yadda na gawarwakin suka lotsa. A lanƙwasa haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya, a murɗa wuyansa, a danna gadon bayansa, kowanne a gwada da abin da aka auna a zahiri. In ya faɗi, a koma a gyara. Mashahurai a cikinsu biyu ne. Akwai THUMS na kamfanin Toyota a Jafan, wanda ya fito a 2000, aka ƙara masa kayan ciki dalla-dalla a 2010, daga baya aka sa masa tsoka mai ɗaurewa kamar ta wanda ya hango haɗari ya ƙanƙame sitiyari. Akwai kuma na ƙungiyar GHBMC, wadda kamfanonin mota suka kafa a 2006 suna aiki da jami'o'i.

Me aka ƙaru da shi? Babban misali shi ne bel. Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ya fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kuma alkalumman ƙasashe da dama sun nuna yana rage mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Amma bel kansa yana karya haƙarƙari, musamman na dattawa, domin da shekaru ƙashi yana rage kauri, guringuntsi yana sandarewa, siffar kejin ma tana sauyawa. Dukan da saurayi ɗan shekara 20 zai tashi da ɗan tabo, shi zai kwantar da kakansa. A kwamfuta ana iya tsofar da mutum cikin yini ɗaya, a sirance masa ƙashi, a sake gwaji. Irin wannan bincike, haɗe da na ainihin haɗurra, shi ya taimaka wajen daidaita bel na zamani, wanda ke tsuke mutum nan take in an yi karo, sa'an nan in matsin ya kai wani ƙima ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, jakar iska ta karɓi saura. Tazarar tsayawa ce dai ake ƙara wa jiki.

An kuma ga abin da ke faruwa in igiyar ƙasa ta bel ta hau ciki maimakon ta zauna a kan ƙashin ƙugu, ko mutum ya kishingiɗe ya zame ta ƙarƙashinta. Jiki yana naɗewa a kan igiyar kamar an ninke tabarma, hanji ya matsu, gaɓar gadon baya ta tsage gida biyu. Mai juna biyu ma a ƙarƙashin ciki ya kamata igiyar ta bi. Haka nan matashin nan da ke saman kujera, wanda wasu masu motocin haya ke cirewa don kada ya tare wa na baya gani, ba ado ba ne. In an bugi mota daga baya, kujera tana tura gangar jiki gaba ta bar kai a baya, wuya ya karkace ta yadda ba a halicce shi ya yi ba, matashin ne ke tare kan. Binciken Jami'ar Bajiniya na 2019 kuma ya nuna mace mai ɗaure da bel ta fi namiji yiwuwar samun mummunan rauni a karon gaba-da-gaba, abin da ya ƙara zaburar da masu gina mutanen kwamfuta su yi na mata da kyau, ba su ɗauki na namiji su rage masa tsawo kawai ba.

Yanzu mu dawo tashar Gusau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, ga shi kuwa ita ce mai ƙarancin motoci. Motocinmu yawancinsu na hannu ne, waɗanda suka gama yayinsu a Turai. Injiniyan da ya zana ƙaramar mota ya yi lissafinsa ne a kan mutum ɗaya a kujerar gaba, a zaune daidai, a ɗaure. Mu kuwa biyu muke sawa a gaba, huɗu a baya, wani lokaci direba ma ya raba kujerarsa da fasinja. Bel ɗaya ba ya ɗaure mutum biyu. Na baya da bai ɗaure ba, a karo, buhunan simintin nan ne 28 za su sauka a bayan na gaba, ko da shi ya ɗaure. Uwa mai rungume da yaro ɗan kilo 10 tana ganin ta riƙe shi gam, amma a gudun kilomita 50 yaron zai zama kilo 200 a hannunta. Balle waɗanda ke hawa kan buhunan hatsi a bayan babbar mota ran kasuwa, ko mutum uku da akuya a kan kabu-kabu. Ga kuma halin rashin tsaro da ya sa direba ke taka mota iya ƙarfinta don ya wuce dajin da ke tsakanin Tsafe da Yankara kafin duhu. Ba a ga laifinsa ba, amma lissafin Newton bai san uzuri ba.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel ran 1 ga Janairu, 2003. Yadda muke bin dokar kowa ya sani: direba ya hango jami'ai ya yafa bel a kafaɗa kamar rawani, ya wuce su ya yar. A ganina da za a nuna wa direbobi a tasha hoton haƙarƙari suna karyewa ɗaya bayan ɗaya a kan sitiyari, a hankali, da bayani da Hausa, da ya fi tara shiga kunne. Ba kuma abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Tun Janairun 2021 Toyota ta saki THUMS kyauta ga masu bincike. Ɗalibin da ya riƙe lissafi da fizis da ilimin halittu, ya sami jami'a mai kwamfuta mai ƙarfi, ko a Zariya ko a Kano ko a nan Gusau inda aka buɗe jami'ar tarayya a 2013, yana iya zaunar da mutum biyu a kujera ɗaya ya ga abin da zai faru, ko ya gwada wane irin ƙarfen dafawa ne zai rage wa fasinjan Keke Napep rauni. Mutanen kwamfutan da ake da su an auna su ne a kan jikin mutanen Amurka da Turai da Jafan, da irin zamansu a mota. Mai zama a Jafan ba shi da dalilin yin tambayoyinmu.

Akwai abu ɗaya da wannan ilimi ke koyarwa wanda ba ya bukatar kwamfuta ko kuɗi. Gaɓar baya tana iya karyewa laka ba ta taɓu ba tukuna, tsokar da ta ɗaure ce kawai ke riƙe da gutsattsarin a wurinsu. Sai jama'a su taso da kyakkyawar niyya, wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, a ɗaga mutum bayansa ya lanƙwashe kamar guga, kansa yana reto, a cusa shi a bayan mota a zaune, a bi ramuka da shi. Abin da haɗarin ya bari, masu taimako su ƙarasa. Wanda ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko yana jin kamar tururuwa na bin hannunsa, ko bai ji ƙafarsa ba, ko ya suma, a ɗauka ƙashin bayansa ya karye har sai likita ya ce a'a. In ba wuta ko wata halaka ke tafe ba, kada a yi gaggawar jan sa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da gangar jiki, kada ya bari ya juya. In dole a ɗauke shi, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare, a tokare gefen kansa da naɗaɗɗun zannuwa, a ɗaure shi a kan katakon. Masu ɗorin gargajiya suna da gwanintarsu a karayar hannu da ƙafa, amma baya ba wurin ja da murzawa ba ne. Asibiti za a nufa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko mafi kusa, inda za a ɗauki hoto a ga ko sai an wuce da shi Sakkwato, ko Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Tafiyar Sakkwato kaɗai ta haura kilomita 200, kuma a kwance a kan katakon nan zai yi ta.